Akwai da Babu: Tarihin Littafin Masu Duba Jini

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai duba jini ne. Da wannan suna aka san shi a lungunmu da ke cikin Ƙofar Mata, har yara ba su san sunansa na yanka ba. Ina da shekara 10 a 1972, lokacin da yakan yi makonni a Garki ta masarautar Kano, ya dawo da jar ƙura har a gira, riƙe da wani akwatin katako mai tsage-tsage a ciki inda ake jera 'yan gilasai sirara. Kowane gilashi da busasshen ɗigon jinin mutum ɗaya a kansa, da lamba a gefe. Akwatin yakan kwana a ɗakinsa kafin ya kai shi ofis da safe, ba kuwa mai taɓa shi. Wata rana a zaure na ce, "Kawu, me kuke gani a ciki?" Ya ce, "Yaro, aikinmu amsa biyu gare shi, akwai ko babu. Inda wuyar take, mutum ɗaya ne yau akwai, gobe babu, jibi akwai." Na girma na yi shekara 31 ina koyar da lissafi a makarantun sakandare, amma sai da furfura ta fara fito mini na gane cewa maganar nan tasa wani babban reshe ce na ilimin ƙididdiga, kuma da jinin talakawan ƙasar Kano aka shayar da reshen.

Zazzaɓi ya girmi sana'ar Kawu nesa ba kusa ba. Birnin da aka gina da ƙasa, a cikinsa aka haƙo ƙasar. Kowane soro da kowace katanga, har badalar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, sun bar rami a bayansu, damina ta cika ramin ya zama kududdufi. Ga kuma Jakara kwance a tsakiyar gari, gab da Kasuwar Kurmi. Turawa matafiya, Clapperton da ya shigo Kano a 1824 da Barth da ya zo a 1851, dukansu sun rubuta labarin wannan fadama da rashin lafiyar da ke tattare da ita. Kakanninmu jante ko masassara suke ce wa ciwon. Wasu su ɗora wa rana, wasu su ɗora wa ɗanyar masara, a sayo tazargade a Kurmi, a yi wa yaro surace, a jira ikon Allah. Sai a 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, can a Indiya.

Wanda ya fara shigo da wannan sani cikin lungunanmu shi ne duba-gari. Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, ita ta riƙa yaye su. Kakata takan ba mu labarin yadda mata ke tuntsurar da ruwan randa da sun ji an ce ga duba-gari nan, don kada ya sa ludayi ya ɗebo tsutsar sauro a kai maigida gaban alƙali. Shi ma amsa biyu gare shi, akwai tsutsa ko babu. Sai dai shi kallo ɗaya yake yi ya wuce. Bai damu da ko randar da ya samu tas yau ita ce wadda ya kama a watan jiya ba, don hukunci ya kawo shi. Shi kuwa mai duba jini, a asibitin da ke bakin Ƙofar Mata wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala, nasa kallon ma ɗaya ne a farko: a kawo marar lafiya, a tsaga yatsa, a shafa jini a gilashi, a rina shi, a sa a madubin likita, a rubuta amsa, a kira na gaba.

Abin da ya sauya sana'ar daga waje ya zo. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa, ta dogara da feshin DDT. A wasu ƙasashen Turai da Asiya an ci nasara, a ƙasar Hausa kuwa abin ya faskara. An gwada feshi a yankin Birnin Kebbi tun daga 1954, ba a je ko'ina ba sauro ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan. An sake gwadawa a Kankiya ta ƙasar Katsina, aka haɗa feshi da rabon ƙwaya, bisa lissafin wani masani a Landan, George Macdonald, wanda ya nuna a takarda cewa cutar za ta yanke. Ba ta yanke ba. A 1969 hukumar ta sassauta wancan buri, masana kuma suka yarda cewa ba su san yadda cutar ke shiga da fita a jikin mutanen wannan yanki ba. Kafin a sake kashe kuɗi, sai a zauna a ƙirga da kyau. Wannan shi ne asalin aikin Garki, wanda hukumar ta yi tare da gwamnatin Nijeriya daga 1969 zuwa 1976. Garki a lokacin gunduma ce ta masarautar Kano, sai a 1991 ta faɗa Jigawa, ofishin aikin kuwa a Kano yake.

An zaɓi ƙauyuka 22, irin su Sugungum da Ajura da Kwaru da Rafin Marke, aka rubuta kowa da kowa, gida-gida, aka ba kowane rai lambarsa. Duk bayan mako 10 a dawo a ɗebi jinin mutanen nan dai, ba wasu ba. Daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972 ba a yi feshi ba, kallo kawai ake yi. A daminar 1972 da ta 1973 aka feshe ɗakuna a ƙauyuka 164 da maganin nan da 'yan kasuwa suka sani da sunan Baygon, aka bar wasu ƙauyukan ba feshi don a gwada da su, a wasu kuma aka ƙara da rabon wata ƙwaya 'yar uwar Fansidar, wasu duk mako 10, wasu duk mako 2 da damina. Daga nan aka janye hannu, aka ci gaba da kallo har farkon 1976. Akwai samarin da aikinsu shi ne su zauna da dare su buɗe ƙwauri sauro ya sauka su kama shi, a ƙirga, a feɗe. Daga aikinsu aka san cewa a Sugungum mutum ɗaya yana iya shan cizo mai ɗauke da cuta har sau 145 a shekara. Su Kawu kuwa suna sunkuye a kan madubi, kowane gilashi sai an duba gurbi 200 a cikinsa kafin a yanke masa hukunci, wasu gilasan kuma a ba wani ya sake dubawa ba tare da ya san abin da na farko ya rubuta ba.

To, ga littafin da ya fito daga wannan aiki. Kowane mutum layinsa guda, a gaban lambarsa jerin amsoshi: akwai, akwai, babu, akwai, babu, babu, wasu har fiye da sau 20. A nan ne maganar Kawu ta zama matsalar lissafi.

Kuskuren da ya fi saurin kama mai ƙirga shi ne ya tara amsoshin duka a ƙwarya ɗaya. Yaro 100, an duba kowanne sau 8, sai ya ce yana da shaidu 800. Mu da muka tashi kusa da marinar Ƙofar Mata mun san turmi ɗaya da aka tsoma a baba sau 8 bai zama turmi 8 ba, tsomi na biyu a kan na farko yake hawa. Haka jinin yaro yake. Amsarsa ta yau tana ɗauke da ta jiya, don ɗaki ɗaya yake kwana, bakin kududdufi ɗaya gidansu yake, jini ɗaya ya gada. Wanda ya ƙirga su a matsayin shaidu 800 zai ba maganarsa ƙarfin da ba ta da shi idan yana gwada ƙauye da ƙauye. Abin mamaki, idan kuma sauyin da ke jikin mutum ɗaya yake nema, daga kafin magani zuwa bayansa, sai ya yi asarar ƙarfin da yake da shi, don ya yar da sanin cewa kowane yaro shi ne ma'aunin kansa.

Ga misalin da nakan ba ɗalibaina. A ɗauka unguwa biyu, kowacce yara 10, kullum aka duba sai a sami 5 da cuta. A takardar da za a kai wa hakimi ba su da bambanci, rabi da rabi. Amma a unguwa ta farko yara 5 ɗin nan su ne dai kullum, sauran ba sa kamuwa. A ta biyu kuwa cutar zagayawa take yi, na yau ya warke, na gobe ya kamu. Ta farko tana bukatar a je gidajen nan 5 a ga me ke bayan katangarsu. Ta biyu tana bukatar a yi wa unguwar duka aiki. Jimla ba za ta taɓa raba su ba, sai layin kowane yaro.

Masanan Garki ta nan suka ɓullo. A 1976 Bekessy da Molineaux da Storey suka wallafa wata hanya mai sauƙin fahimta. A ɗauki dubawa biyu da ke bin juna, a raba mutane gida huɗu: wanda da babu yanzu ma babu, wanda da babu yanzu akwai, wanda da akwai yanzu babu, da wanda yake akwai har yanzu. Daga waɗannan gidaje huɗu a fitar da lambobi biyu, saurin kamuwa da saurin washewa. Tushen dabarar na wani masanin lissafi ne ɗan Rasha, Andrei Markov, wanda tun farkon ƙarni na 20 ya yi nazarin jerin abubuwan da na gaba ke rataye da na bayansa. Abin da suka gano ya warware wani daɗaɗɗen ruɗani. An san cewa da damina yara 8 zuwa 9 cikin 10 suna ɗauke da ƙwayar, manya kuwa kaɗan, har a zaci sauro ya fi son yara. Ashe babba ma yana kamuwa, jikinsa ne ke share ƙwayar daga inda madubi zai gan ta da saurin da ya kai ninki 10 na ƙaramin yaro. Garkuwa ce da ya saya da shekarun zazzaɓi, waɗanda ba su kai ga sayenta ba kuwa suna maƙabarta. Dubawa ɗaya, ko ta mutum miliyan ce, ba za ta nuna wannan ba.

Hanyar tana da rauninta, kuma ba a ɓoye shi ba. Mako 10 lokaci ne mai tsawo. Mutum yana iya kamuwa ya washe a tsakanin zuwa biyu, littafi ya ce babu, babu. Tana kuma ɗauka cewa jiya kaɗai ke da tasiri a kan yau, shekaranjiya ba ruwanta, alhali jiki ba ya mantuwa haka. A 1980 wasu Amurkawa biyu, Burton Singer da Joel Cohen, suka koma kan bayanan Garki suna gwada inda wannan zato ya tsaya da inda ya rushe. Tun kafin nan, a 1974, Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas sun gina wani sabon tsarin lissafin yaɗuwar cutar wanda ya sa garkuwar jiki a ciki, suka auna shi da ƙauyukan Garki, ya fi na Macdonald kusa da gaskiya.

Daga baya ilimin ya yi rassa. Tambayar hakimi ko kwamishina daban take da ta uwa. Shi so yake ya ji, in an yi feshi, kashi nawa na jama'arsa za su ragu daga masu cuta. Irin wannan tambaya ita hanyar da Liang da Zeger na Jami'ar Johns Hopkins suka fitar a 1986 take amsawa: tana ba da matsakaicin jama'a, ta gyara lissafin don la'akari da cewa amsoshin mutum ɗaya 'yan uwan juna ne, ba tare da ta tsaya bincikar kowa ba. Ita kuwa uwa cewa take, nawa ɗan fa? Wannan sai ɗaya hanyar, wadda Nan Laird da James Ware suka shimfiɗa a 1982 aka kuma faɗaɗa ta zuwa amsa mai fuska biyu, inda ake ba kowane mutum nasa gwargwadon saurin kamuwa, sannan a auna yadda magani ke motsa shi daga inda yake. Garki ta nuna dalilin yin haka a fili. Binciken jini da Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka yi a can ya nuna masu rabin gadon sikila sun fi tsira, yayin da jariran da suka gaji cikakkiyar sikila, kimanin 2 cikin 100, da wuya a ga ɗayansu a cikin manya. Mutane ba ɗaya suke ba tun daga ciki.

Abin da ke rikita ɗalibai shi ne hanyoyin biyu sukan ba da lamba daban a kan littafi ɗaya, ta biyu takan fi girma. Ba wadda ta yi ƙarya. A kowace unguwa akwai yaran da kusan kullum akwai, da waɗanda kusan kullum babu, magani ba ya motsa su sosai a ƙirga, in aka cakuɗa su da saura sai tasirin ya dishe. Don haka ni a ganina zaɓen ma'auni ba a yin sa bayan an ga sakamako. A Kurmi ba a auna hatsi tukuna sannan a zaɓi mudun da ya fi daɗi. Mai bincike ya fara faɗin wa yake amsa wa, hakimi ko uwa, sannan ya ɗauki ma'auninsa. Ga cuta irin wannan mai shiga da fita kuwa, ni ina tare da mutanen Garki: a fara da tambayar kamuwa da washewa, don ita ke nuna ko gidan sauro ake bukata ko magani.

Akwai abu biyu da Kawu ya sani waɗanda ba kowane mai kwamfuta ya sani ba. Na farko, gurbin da ba a cike ba. Da an gama girbi samari sun tafi cin rani, da yawansu nan birni suke shigowa, su yi ga-ruwa ko dako. Mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Fulani sun tashi da shanunsu. Jariri kuma ya rasu tsakanin zuwa da zuwa. Duk waɗannan a littafi fili ne fari, amma ba iri ɗaya ba ne. Idan masu ƙarfi ne suka tafi, ƙauye zai yi kamar ya fi ciwo da rani. Idan mafi rauni ne suka rasu, zai yi kamar ya sami sauƙi. Hanyar matsakaicin jama'a, a yadda aka fara fitar da ita, tana ɗauka cewa rashin zuwan mutum ba shi da alaƙa da lafiyarsa, ɗaya hanyar ta fi ta haƙuri da wannan, amma ba wadda za ta gaya maka dalilin da ya hana wane zuwa. Wannan sai mai unguwa, shi ya sa ma'aikatan Garki suke rubuta haihuwa da mutuwa da tafiya da dawowa a kowane zagaye.

Na biyu, ita kanta kalmar babu. Bayan ya bar aiki, idanunsa sun yi rauni, ya taɓa ce mini, "Ni ban taɓa rubuta babu da zuciya ɗaya ba. Abin da nake nufi, na duba gurbi 200 ban gani ba." A jinin babba ƙwayar takan yi ƙaranci har ta ɓuya, ta sake bayyana bayan makonni ba tare da sabon cizo ba. Mai lissafin da bai san haka ba zai ƙirga warkewa ɗaya da sabon kamu ɗaya inda ba a yi ko ɗaya ba.

Sakamakon aikin bai zo yadda aka so ba. Feshi shi kaɗai bai rage cutar sosai ba, don wani kaso na sauron yana cizo ya fita waje ya huta, ba ya sauka a bangon da aka fesa. Inda aka haɗa da ƙwaya duk mako 2, masu ɗauke da cutar sun faɗo har kusan 1 cikin 100 da rani, amma yaɗuwar ba ta yanke ba, da aka janye hannu kuma ta koma inda take. Molineaux da Gramiccia suka tattara komai a littafin da hukumar ta buga a 1980. Bayanan suna nan a intanet, masu bincike a Ingila da Amurka da Suwizalan suna gwada sababbin tsare-tsarensu a kai har gobe. A cikin badala kuwa, in ka ce Garki, sai a ɗauka unguwar Abuja kake nufi. Wannan yana ci mini rai, don da yatsun mutanenmu da idanun irin su Kawu aka rubuta littafin.

Yau sana'ar ta sake kama. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, ruwan ya koma kwata. A kemis ɗin bakin layi ana tsaga yatsa a ɗiga jini a 'yar roba, layi ɗaya babu, layi biyu akwai, cikin minti 15. Ita ma tana da nata ruɗin, don takan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012, da damina ma'aikata kan bi gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi, su yi alama a kati, su yi rubutu da alli a jikin katanga. Jikokina suna cikin masu sha. Ga yaro ɗaya, ga zagaye bayan zagaye, ga ya sha ko bai sha ba, ya yi zazzaɓi ko bai yi ba: littafin Garki ne sak yake rubuta kansa a lungunanmu, a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya.

Roƙona ga masu riƙe rajista a ɗakunan shan magani na cikin gari, da masu unguwanni, da 'ya'yanmu masu karatun ƙididdiga da likitanci a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, shi ne kada a tsaya ga jimlar wata. A ba kowane yaro layinsa da lambarsa, a bi shi daga Yuli zuwa Oktoba, daga bana zuwa baɗi. In bai zo ba a tambayi uwarsa dalili a rubuta. Iyaye kuma, katin nan da ake ba ku, ku adana shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba, ku fito da shi duk ranar da aka dawo.